Janaretan Alhaji da Tagar Inna

Shekarar da aka tura ni Faskari aikin ungozoma, kuɗi sun shigo ƙasa irin shigar da ba mu taɓa gani ba. An ƙara wa ma'aikata albashi, malaman makaranta sun sayi babura, masu sayen auduga sun fara rufin kwano, samari kowa rataye da rediyo mai kaset. Wutar lantarki ce dai ba ta iso mu ba. A ɗakin shan magani a kan risho muke dafa allurai.

Ina da shekara talatin da 'yan kai a lokacin. Mijina ya rasu, ɗana guda yana wurin dangin ubansa, sai na taho da mahaifiyata, wadda muke kira Inna. Mu mutanen wata 'yar unguwar manoma ce a bayan Ketare, ƙasar Kankara, kuma iyayenmu Maguzawa ne. Cikin 'ya'yan Inna akwai wanda ya shiga coci, akwai mu da muka musulunta. Ita kuwa ta ce ta tsufa da sauya hanya, a bar ta inda iyayenta suka bar ta. Ba ta taɓa takura wa kowa ba. In na shagala da aiki ma ita ke cewa, "Ke, rana ta karkata, ba ki yi sallarki ba."

Gidan da hukuma ta ba ni ɗaki biyu ne da 'yar tsakar gida. Tsakaninmu da kantin wani Alhaji sai wani siririn lungu, wanda jaki mai kaya ba zai wuce ba sai ya gogi bango, kuma tagar ɗakin Inna cikin lungun take kallo. Alhajin mai sayen auduga ne, yana da babbar mota, gidansa na manne da bayan kantin. Dogo ne mai sanyin murya, ko zagi zai yi ba ya ɗaga ta. Makon farko lafiya lau muke gaisawa. Ran da ya ji inda muka fito, ya aiko a gaya mana kada gugan Inna ya ƙara shiga rijiyar ƙofar gidansa, rijiyar da duk unguwa ke ɗiba. Na shirya in je in ji dalili, Inna ta riƙe mini zane. Ta ce ruwa bai ƙare a duniya ba. Muka koma sayen na 'yan garuwa.

A barandar kantin akwai wani tsohon tela da ya kafa kekensa tun kafin mu zo. Kowa Baba yake ce masa. Shi kaɗai ne cikin masu zama a wurin bai sauya mana fuska ba. Kullum da safe in zai wuce sai ya tsaya ƙofarmu ya ce, "Tsohuwa, an tashi lafiya?" Inna ta ce, "Wa ke tsohuwa? Ka dubi gemunka." Su yi dariya, ya wuce.

Cikin bazara motar Alhaji ta dawo daga Kano da kaya biyu lulluɓe da tamfol. Ɗaya firiji ne. Ɗayan kuma ɗan injin ba da wuta ne mai shan fetur, wanda daga baya kowa ya iya kiransa janareta. Ja ne, mutum biyu ke ɗaukarsa. Ranar gari ya taru. Aka ja igiya sau uku, inji ya kama, firiji ya ɗauka, mutane suka yi salati. Kafin la'asar an sha lemon kwalba mai sanyin da ke sa haƙori tsami, har wani dattijo ya ɗora kwalbar a goshi ya ƙi sha. Ba zan yi ƙarya ba, ni ma abin ya burge ni.

Washegari na ga inda aka yi masa mazauni. Alhaji ba ya son ƙarar ta dami masu hira a baranda, sai ya sa aka kai injin cikin lungu, aka juya bakin salansarsa, inda hayaƙi ke fita, ya dubi bangonmu, ƙasa kaɗan da tagar Inna. Daga hantsi ake tayar da shi, ba a kashewa sai rana ta yi sanyi.

Ba a yi mako ba Inna ta fara kukan ciwon kai. Mace ce da ta yi noma duk rayuwarta, ba ta san kwanciyar rana ba, sai ga shi ina dawowa daga aiki ina tarar da ita a kwance, ta ce kanta kamar an ɗaure shi da igiya, in ta miƙe ƙasa na juyawa. Na ɗauka zafi ne, na ba ta magani. Amma na lura duk ranar kasuwar Yankara, da Alhaji ke rufe kanti ya tafi, garau take yini, har ta yi daka. Sai wani abu ya faɗo mini.

A asibitin da na koyi aiki akwai babban inji, an yi masa rumfarsa can nesa da ɗakunan marasa lafiya, ko'ina a buɗe. Mai kula da shi wani tsohon soja ne mai faɗa. In ya ga ɗalibai sun raɓe kusa da shi sai ya kore mu, yana cewa baƙin hayaƙin da muke gani ba shi ne abin tsoro ba, akwai wani a cikinsa da ba shi da launi ba shi da wari, shi ke sa mutum barcin da ba a tashi. Kuma na taɓa ganin an kawo wani mai gadi da aka tarar a ɗakin injin ban ruwa, ƙofa a rufe. Ba ciwo ko ɗaya a jikinsa, amma mun yi duk abin da za mu yi bai farfaɗo ba.

Na yafa mayafi na zagaya kanti. Na tarar da benci cike da maza, Baba tela yana taka kekensa, Alhaji kuwa yana bakin lungu riƙe da galan.

Na ce, "Alhaji, barka da hantsi. Magana ke tafe da ni, in da hali mu ɗan keɓe."

Ya ce, "Ba ni da abin keɓewa da ke. Faɗi nan."

Na gaya masa Inna ba ta da lafiya, kuma hayaƙin injinsa ne ke shiga ɗakinta. Na roƙe shi ya matsar da shi bayan gida, fili, nesa da taga da ƙofar kowa, ya juya bakin salansar inda ba mutane. Ina magana yana buɗe murfin tanki, inji na aiki. Ya kafa bakin galan ba ko mazurari, fetur na zuba yana gangarowa gefen ƙarfe mai zafi yana tururi. Taku uku daga nan wani mutum na zuƙar sigari.

Na ce, "Alhaji, don Allah kashe shi ya huce kafin ka zuba mai. Malam, kai kuma ka ja baya da tabar nan."

Alhaji bai ko dube ni ba sai da ya gama, ya murɗa murfin, ya goge hannu da tsumma. Sannan ya ce, "Ungozoma, ke aikinki yanke cibi. Ki tsaya ga cibi. Inji wanga da kuɗina na saye shi, kuma lungun ga ba na ubanki ba ne."

Benci ya kwashe da dariya. Wani ya ce hassada ce, in ana son lemo mai sanyi a fito fili a roƙa. Na juya na tafi.

Na kai ƙara wurin mai unguwa. Ya saurare ni da kyau, yana gyaɗa kai, sannan ya ce abu ne baƙo, za a saba, kuma maƙwabci haƙuri ake yi da shi. Ƙarƙashin kujerarsa na hango kwalbar lemo tana naso. Ban ƙara komawa ba. Malamin asibitinmu, wanda ke shugabantar ɗakin shan magani, ya yarda da maganata sarai, amma ya ce shi baƙo ne a garin kamar ni, kuma a motar Alhaji ake ɗauko mana magani daga Funtua.

Na toshe tagar da tsummoki. Da bai yi ba na kwaɓa laka na liƙe ta gaba ɗaya, ɗakin ya koma kamar rumbu, amma hayaƙin ya ci gaba da shigowa ta tsakanin bango da rufi, har ɗakina. Sai na riƙa tafiya da Inna wurin aiki, ta yini a gindin darbejiya. Ta tsani haka. Ta ce, "Ina da ɗaki, ina yini gindin icce kamar mai jiran mota. Mata na wucewa suna kallona."

Wata rana ta ƙi bina. Ta ce ko za ta mutu, a ɗakinta za ta zauna. Da azahar na dawo na same ta a bakin ƙofa, rabin jikinta ciki rabi waje, ta yi amai, tana ƙoƙarin jan jiki ta kasa. Na ɗauke ta na kai ta inuwar tsakar gida, na kwantar da ita a gefe, na yi mata fifita har idonta ya dawo daidai. Daga nan ko mayafi ban nema ba. Na shiga lungun na murɗa makunnin injin. Unguwa ta yi tsit.

Alhaji ya fito, maza na biye da shi. Ya ce, "Wa ya taɓa mani inji?"

"Ni ce."

"Ke a wa?"

"A ɗiyar matar da kake kashewa. Ka shiga ka gan ta."

"Ni in shiga gidan arna? Abin da ke damun uwarki ki tambayi abin da take bauta ma."

Ban san lokacin da bakina ya buɗe ba. Na ce masa ya je Makka ya dawo da haƙori ya baro tausayi a can. Na ce Allah ya isa tsakanina da shi, in Inna ta mutu a wuyansa take. Na faɗi wasu maganganun ma da ba zan rubuta ba. Mata suka leƙo ta kan katanga. Wani ya ce a mare ni, wani ya riƙe shi.

Baba tela ya taso da almakashi a hannu ya ce, "Alhaji, ka matsar da shi mana. Mi zai rage ka da shi?"

Alhaji ya ce, "Baba, ka tsaya ga zarenka." Sannan ya dube ni ya ce, "Tunda hannu ya fara kai mashi, gobe yashi za a zuba a ciki. Ku ɗauko shi. Daga yau ciki zai yini."

Aka ɗauke injin aka shigar da shi sito, ɗan ɗakin ajiya da ke ƙuryar kantin. Siton nan ba shi da taga, ƙofarsa ɗaya ce, kuma cikin kanti take buɗewa. Nan ya jera galan-galan ɗin fetur ɗinsa kuma.

Cikin kwana uku Inna ta warware. Na fasa lakar da na liƙe taga da ita, iska ta shigo. Kuma na san sarai abin da ke cikin kantin nan. Abin da ke ceton su kawai shi ne ƙofar kanti babba ce, a wangale take yini. Sau ɗaya na yi magana. Matar Alhaji, Hajiya, mace ce mai kirki, mukan gaisa a ɓoye ta kan katangar bayan gida. Na ce mata ta gaya masa ya fitar da injin waje, abin da ya kwantar da Inna zai kwantar da shi. Ta ce, "Ni in faɗa mashi? Ya rantse ko gaisuwarki na amsa sai na tafi gidanmu." Na ce to. A raina na ce wanda bai ji bari ba ya ji hoho. Har wani daɗi-daɗi nake ji in na hango shi a baranda ya dafe kai.

A cikin kwanakin ne Baba tela ya tsaya ƙofarmu da safe, ya ɗaure goshi da ƙyalle. Ya ce, "Malama, ko kina da ƙwayar ciwon kai? Kwanan nan da rana sai in ji kaina shina sarawa, in zan zura zare ma ba ni ganin ramin allura." Na shiga na ɗauko masa ƙwaya huɗu. Ya yi godiya, ya tsokani Inna, ya wuce. Ban gaya masa zancen hayaƙin ba. Na gaya wa kaina ai shi a baranda yake zama, iska na kaɗa shi. Gaskiyar kuwa ita ce na san in na faɗa masa zai kai wa Alhaji, a sake tara mini benci, ni kuma na rantse bakina ba zai ƙara shiga maganar injin nan ba.

Ruwan farko na shekarar ranar wata Talata ya sauka, bayan azahar kaɗan. Ya zo da iska mai ƙarfi, irin wadda ke ɗaga rufin kwano. Ina gida ina tara ruwan indararo. Masu zaman benci duk sun watse. Daga baya na ji cewa da feshi ya fara jiƙa ɗinkin mutane, Baba ya ja kekensa cikin kanti, Alhaji kuma ya rufe ƙofa ya sa sakata don iska na bugun ta. Injin na ta aiki a sito.

An fi awa ana ruwa. Ya fara tsagaitawa ke nan na ji ana dukan ƙofarmu. Hajiya ce, wadda ban taɓa gani a waje da rana ba, ba takalmi, zane ya manne mata. Ta ce, "Malama, ki taimake ni. Tun ɗazu nake buga ƙofar kanti ta cikin gida, ba ya amsawa. Inji na ta kuka, shi shiru."

Na ajiye bokiti. Na tuna a ƙofar gida na tsaya, na ɗan lokaci ƙanƙani, ban motsa ba. Inna ce ta turo ni ta baya ta ce, "Tahi mana!"

Na ruga ina kururuwa, maza suka firfito daga zauruka. Ƙofar kanti ta katako ce mai kauri. Wani ya kawo taɓarya, wani gatari, aka yi ta duka har sakatar ta ɓalle. Wani zafi mai warin fetur ya bugo mu. Ciki duhu. Mutumin da ke kusa da ni ya zaro ashana zai ƙyasta, na doke hannunsa ta faɗi cikin ruwa. Na ce, "Akwai fetur a ciki! Kada wanda ya kunna komai. Ku wangale ƙofar duka. Mai shiga ya ja numfashi a waje ya riƙe, ya jawo mutum ya fito, kada ya tsaya."

A ranar ba wanda ya ce in tsaya ga cibi. Na cika ƙirjina da iska na shiga na lalubi sito na kashe injin, na fito ina ganin taurari. Maza huɗu suka jawo su. Alhaji yana kan buhunan sukari a kishingiɗe kamar mai hutawa. Baba kuwa a ƙasa aka same shi, dab da ƙofar sito, inda ya shimfiɗa buzunsa.

Na sa aka kwantar da su a fili, kowa a gefensa, na kwance musu wuyan riga, na ce jama'a su ja baya su ba su iska. Alhaji na numfashi da ƙyar, yana gurnani. Na Baba sai na kara kunne sannan na ji. Wata tsohuwa ta kutso da kaskon garwashi da turare, wai iskoki ne suka buge su, a yi musu hayaƙi. Na shure kaskon ya kife cikin taɓo. Ta zage ni ta zagi uwata, ban ko waiwaye ta ba. Malamin asibiti ya iso da gudu, muka ɗora su a bayan motar Alhaji, aka yaye tamfol don iska, muka kama hanyar Funtua. Hanya ta jiƙe, mota na zamewa. Ina durƙushe kan Baba ina hura masa numfashi, malamin na danna masa ƙirji. Ba mu kai rabin hanya ba malamin ya dafa kafaɗata ya ce in bari, Baba ya cika.

Alhaji ya yi kwana shida a babban asibiti ya dawo, ya rame, yana tafiya yana dafa bango. Na ɗauka ko bai gode ba, zai yi shiru. Kwana biyu da dawowarsa magana ta zaga gari: ba inji ba ne, sammu ne. Ai kowa ya ji ungozoma ta yi masa Allah ya isa a gaban jama'a, kuma kowa ya san ko wace ce uwarta. In ba haka ba, yaya aka yi ta san abin da zai faru tun bai faru ba? Aka daina sayar wa Inna da daddawa. Wata safiya muka tarar an watsa mana ƙazanta a ƙofa. Mata masu ciki suka ɗauke ƙafa daga ɗakin shan magani, sai wadda haihuwa ta zo wa da gardama ake kawowa, shi ma a makare. Malamin asibiti ya yi bayani a masallaci, aka ce ai abokin aikinta ne.

Wanda ya kashe maganar wani makanike ne daga Funtua. Injin ya ƙi tashi tun ranar, sai Alhaji ya aika aka ɗauko shi. Gajere ne mai baƙin hannu, ba ruwansa da girman kowa. Ina tsakar gida ina jin muryarsa ta lungu. Da aka nuna masa sito ya ce, "Nan kuka sa shi? Wane mahaukaci ya ba ku wannan shawara?" Ya ce ai an yi arziki da ba a kwashi gawa goma ba. Ya ce inji irin wannan ba ya zama cikin ɗaki, ko zaure, ko lungu, ko da an buɗe ƙofa da taga. Ya taka ƙafa ya auna musu wuri can bayan gida, ya ce a kafa rumfa mai rufi saboda ruwa amma gefe huɗu a buɗe, a ɗora injin kan dakali inda ruwa ba ya kwanciya, kada mai jiƙaƙƙen hannu ya taɓa shi ko wayarsa. Ya ciro wayar da aka ja zuwa firiji, duk an ɗaɗɗaure ta da leda, ya jefar ya ce a sayo mai kauri. Fetur kuma a raba shi da injin, a raba shi da murhu, kuma ba a zuba shi sai an kashe inji ya huce.

Wani daga benci ya ce, "To ba sammu ba ne?"

Makaniken ya ce, "Ka shiga in rufe ka da shi, in ya so ka fito ka ba mu labari."

Kafin mako ya zagayo an kafa rumfar, daidai inda ya auna. Duk abin da ya faɗa Alhaji ya yi, bai tsallake ko ɗaya ba. Ni dai bai aiko ba, bai kuma fito ya ƙaryata maganar sammun da bakinsa ba. In mun haɗu a hanya sai ya kau da kai, ni ma in kau da nawa.

Sai ranar sadakar arba'in na iya zuwa gidan Baba tela. Matarsa tsohuwa ce ƙarama, tana zaune kan tabarma cikin kayan takaba. Na yi mata gaisuwa, ta amsa. Da mata suka ragu ta ce in matso.

Ta ce, "Ni ban yarda da zancen sammu ba. Ya sha faɗa mani ku mutanen kirki ne."

Na ce na gode.

Ta ce, "Amma an ce kin san hayaƙin ga shina kisa. Tun kafin ranar."

"Na sani, Iya."

"Ya ce mani ke kika ba shi maganin ciwon kai."

"Ni ce."

Sannan ta ce, "Faɗanki da Alhaji ne. Shi mi ya yi maki da ba ki ce mashi ya tashi daga wurin ba?"

Na zauna har ta ɗauki carbinta ta juya mini gefe. Na tashi na fito.

Da kaka na rubuta takarda na nemi a sauya mini wurin aiki, aka ba ni garin Sabuwa. Ranar da muke ɗaure kaya Alhaji ya tako har ƙofarmu, abin da bai taɓa yi ba. Na fito na tsaya. Na ɗauka ko yau ce zai yi godiya.

Ya ce, "Ungozoma, an ce za ku tashi."

Na ce, "Haka ne."

Ya ce, "To ku kwashe tarkacenku duka. Na nemi a ba ni ɗakunan ga in zuba auduga."

Na ce, "Allah ya ba da kasuwa." Na koma ciki na ci gaba da naɗe tabarmi.

Shekara goma sha ɗaya na yi a Sabuwa, a can Inna ta rasu. A can kuma labarin rasuwar Alhaji ya same ni, wani direba ya faɗa mini muna tsaye a tasha. Na ce Allah ya jiƙansa, don haka ake cewa. Aka shirya mota ta masu zuwa ta'aziyya, aka ce akwai wuri. Na ce ina da mai naƙuda, kuma da gaske ina da ita.